Waya Ta Zama Jagaba, To Wane Ne Madugu?

Duk wanda ya taɓa zama gaban wani dattijo ya saurari labarin fatake, ya san cewa ayari ba ya tashi sai da mutum biyu. Akwai jagaba, wanda yake shiga gaba, ya san hanya, ya san mashigin rafi da inda rijiya take. Akwai kuma madugu, wanda ragamar ayarin duka take hannunsa. Shi yake cewa a tashi, shi yake cewa a yada zango, shi ne kuma yake zuwa gaban sarkin gari ya yi gaisuwa, ya biya abin da ake biya, ya nemi izinin sauka. Da wannan tsari kakanninmu suka yi ta kai da kawowa tsakanin Kano da Salaga ta ƙasar Gwanja wajen fataucin goro, tafiyar watanni, har wuraren da suka riƙa sauka suka zama unguwannin da ake kira Zango a Kumasi da sauran garuruwan Gana.

Abin da ya tuna mini wannan tsari shi ne wasu matafiya na wannan zamani, waɗanda suka yawaita a Turai da Amurka da Ostireliya. Su yawon buɗe ido suke yi, amma tafe suke da gidansu. Motarsu mota ce mai ɗaki: a cikinta akwai gado, da murhun gas, da tankin ruwa, da ɗan makewayi, wata ma har da wurin wanka. Wata ƙarama ce kamar bas ɗin haya da aka cire wa kujeru, wata kuwa ta kusa kai girman motar ɗaukar kaya. Al'adar ta daɗe, domin tun cikin shekarun 1950 kamfanin Westfalia na Jamus yake mayar da ƙananan bas na Volkswagen ɗakunan kwana. Sai dai ta bunƙasa ƙwarai a lokacin annobar korona, sa'ad da mutane suka guji otal da jirgin sama. A Jamus kaɗai, cikin shekarar 2020, an yi wa sababbin motoci irin waɗannan sama da 75,000 rajista.

Mai irin wannan mota yana wayar gari kullum da tambayoyi uku. Wace hanya motata za ta iya bi? Ina zan kwana? Ina zan ɗebi ruwa, in kuma zubar da ƙazanta? A da amsoshin suna cikin taswirar takarda, da littafin jagora, da bakin mutanen gari. A yau kuwa suna cikin wayar hannu, a ƙananan manhajojin da ake saukewa ta intanet. Ra'ayina game da manhajojin nan shi ne: sun iya aikin jagaba, har sun fi kowane jagaba yawan sanin hanyoyi, kuma wauta ce matafiyi ya ƙi su. Amma babu ko ɗaya a cikinsu da ta iya aikin madugu. Yawancin ɓarnar da ake kuka da ita a ƙasashen da wannan al'ada ta yi ƙarfi, daga matafiyan da suka sami jagaba suka manta da madugu ta fito.

Bari mu fara da hanya. Wayar hannu tana gane inda take ne ta hanyar sauraron taurarin ɗan'adam na tsarin GPS, mallakar Amurka, waɗanda suke kewaya duniya a nisan kilomita kamar 20,000 daga ƙasa, tare da takwarorinsu irin su Galileo na Tarayyar Turai. Idan ta ji saƙon guda huɗu, sai ta lissafa matsayinta. Kafin watan Mayu na 2000 gwamnatin Amurka takan gurɓata saƙon da gangan ga farar hula, har kuskuren ya kai mita 100. Da aka daina, sai ya ragu ƙwarai, a yau kuwa a fili bai wuce 'yan mitoci ba. Abin lura a nan, wanda mutane da yawa ba su sani ba, shi ne wannan lissafi ba ya bukatar layin waya ko intanet. Taswirar ce take bukatarsu. Saboda haka wanda ya sauke taswirar yankin da za shi tun yana gari, wayarsa za ta ci gaba da nuna masa hanya ko da ya shiga dajin da babu sabis. Wanda bai sauke ba kuwa, zai ga ɗigon da yake nuna shi a tsakiyar farin allo, ya san yana nan, bai san ina ne nan ɗin ba.

Manhajar da kowa ya sani ita ce Google Maps, sai kuma Waze, wadda kamfanin Google ya saya a 2013. Dukansu gwanaye ne wajen nuna cunkoson motoci, da gidan mai, da kanti, da lokacin isa. Amma an gina su ne domin ƙaramar mota. Ba sa tambayar direba tsayin motarsa, ko faɗinta, ko nauyinta. Mota mai ɗaki kuwa sau da yawa tsayinta yakan kai mita 3, alhali shingen ƙarfen da ake sa wa a ƙofar wuraren ajiye motoci da dama a Turai bai wuce kimanin mita 2 ba. A yammacin birnin Faris akwai wata doguwar hanyar ƙarƙashin ƙasa a kan titin A86, wadda motar da ta wuce mita 2 ba ta shiga. A Birtaniya, hukumar da take kula da layin dogo takan ƙirga sama da sau 1,500 a shekara da manyan motoci suke karo da gadojin jirgin ƙasa. Ga direban da gadonsa da tukunyarsa da kayan sawarsa duk suna cikin motar, karo ɗaya da gada ya isa ya raba shi da mota da gida a lokaci guda.

Domin haka ne aka yi manhajoji na manyan motoci, irin su CoPilot da Sygic. A cikinsu direba yakan rubuta tsayi da faɗi da tsawo da nauyin motarsa, su kuwa su kauce wa gajeriyar gada, da ƙuntataccen lungu, da kadarkon da ba ya ɗaukar nauyi. Nauyin ma abin kula ne, domin a yawancin ƙasashen Turai lasisin ƙaramar mota iyakarsa kilo 3,500, kuma dokokin gudu da kuɗin hanya sukan canja ga motar da ta wuce haka. Akwai kuma OsmAnd da Organic Maps, waɗanda suke aiki ba tare da intanet ba, suna dogara da taswirar OpenStreetMap, wadda aka kafa a Ingila a 2004, kuma 'yan sa kai ne suke zana ta. OsmAnd ma tana karɓar tsayi da nauyin mota. Duk da haka kada a ruɗu. Manhaja ba ta san tsayin gada ba sai idan wani mutum ya auna ya shigar. Inda ba a shigar ba, sai ta ɗauka hanya a buɗe take. Shi ya sa gogaggun direbobi sukan rubuta tsayin motarsu a takarda su manna gaban sitiyari, kuma idan allon bakin hanya ya saɓa wa waya, allon suke bi. Gani ya kori ji.

Sai batun masauki. A Faransa ƙananan hukumomi da yawa sun keɓe filaye domin waɗannan motoci, wasu kyauta, wasu da ɗan kuɗi kaɗan, da famfo da ramin zubar da ruwan datti. Jamus da Italiya da Sifen ma suna da irinsu. Bukatarsu a fili take: tankin ruwan sha na irin wannan mota yakan ɗauki lita kamar 100, akwatin makewayi kuwa bai cika wuce lita 20 ba, watau bayan kwana biyu ko uku tilas a nemi inda za a juye shi. Manhajar da ta fi suna a Turai wajen nemo irin waɗannan wurare ita ce Park4night, wadda ta fito daga Faransa. Matafiya ne da kansu suke sa wurare a cikinta, da hoto, da bayanin ko akwai ruwa ko lantarki, da ko wurin shiru ne ko mai hayaniya. Campercontact kuwa ta ƙungiyar masu motoci masu ɗaki ce ta ƙasar Holan, ta fi karkata ga wuraren da hukuma ta amince da su. Birtaniya tana da Searchforsites, Ostireliya tana da WikiCamps, ita da Niyu Zilan kuma suna amfani da CamperMate. Masu doguwar tafiya ta ƙasa, waɗanda suke ratsa Afirka ko Kudancin Amurka, sun fi riƙe iOverlander, domin ban da wurin kwana tana nuna bakanike, da inda ake cika tukunyar gas, da yadda ake ƙetare iyakar ƙasa, da gargaɗin da wasu matafiya suka bari.

Amfanin waɗannan ba ƙarami ba ne, kuma ba na son a ɗauka ina raina shi. Magidanci da iyalinsa da dare ya riske su a ƙasar da ba su jin harshenta, cikin minti biyu za su ga masauki biyar a kusa, su karanta abin da waɗanda suka riga su suka faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma manhajojin nan jinka ce da dubban hannaye suka ɗauka. Sai dai karanta su ma yana bukatar hankali. Abu na farko da ya kamata a duba shi ne ranar da aka rubuta sharhi na ƙarshe. Wurin da aka yaba shekara uku da suka wuce, wataƙila yau an gina shi, ko an kafa masa allon hani. Na biyu, a duba ko wurin na hukuma ne, ko na wani mai gona, ko kuwa wani ne kawai ya kwana sau ɗaya ba a kore shi ba, ya sa a taswira. Na uku, a isa da sauran rana, kuma a riƙe wuri na biyu a zuciya, domin abin da kai ka gani a wayarka, mutum ɗari sun gani a tasu.

A kan wannan batu na ƙarshe matsalar take. A da, idan matafiyi ya gano wata inuwa a bakin teku, shi da aminansa biyu ko uku ne suka san ta. Yau idan ya sa ta a manhaja, kafin damina ta zagayo ta zama tasha. A kudancin Fotugal, gaɓar tekun Algarbe da ta Alenteju sun cika da motoci masu ɗaki, mazauna suka yi ta kukan shara da bayan gida a cikin ciyayi. A watan Janairu na 2021 aka hana kwana a irin waɗannan motoci sai a wuraren da aka keɓe. A watan Agusta na shekarar aka sassauta, aka yarda da sa'a 48 a cikin ƙaramar hukuma ɗaya, amma hanin ya tsaya a gandun da ake karewa da yankunan gaɓar teku. A arewacin Sukotlan, hanyar yawon buɗe ido ta mil 516 da aka ƙaddamar a 2015, wadda take tashi daga Inbanes ta komo can, ta jawo ɗimbin motoci zuwa ƙananan hanyoyin da mota ɗaya kawai suke ɗauka. Baƙi da yawa sun zaci dokar ƙasar ta 2003, wadda ta ba jama'a damar yawo da kafa tanti a daji, ta haɗa da mota, alhali ba ta haɗa ba. Niyu Zilan ta yi dokar kwana a fili a 2011, sa'an nan ta tsananta ta a 2023, ta ce motar da za a shaida a kan mai ɗauke da ƙazantarta tilas ta kasance da kafaffen makewayi.

A duk wuraren nan uku labarin ɗaya ne. Jagaba ya kai ayari zango, amma babu wanda ya je ya gai da masu gari. Ɗigon da yake kan taswira yana nuna cewa wani ya taɓa kwana a wurin. Ba ya nuna cewa mai filin ya yarda, ko doka ta yarda, ko maƙwabta sun huta da ƙarar janareta. Matafiyin da ya ce wa ɗan sanda waya ce ta kawo shi, bai faɗi abin da zai hana a ci shi tara ba. Kuma hukuncin ba a kansa kaɗai yake tsayawa ba, domin allon hanin da za a kafa saboda shi zai kori na kirki da za su zo bayansa.

Wani zai ce, to ai laifin na masu manhaja ne, su ya kamata a kama. Akwai gaskiya a ciki. Wanda yake cin riba da tara jama'a a wuri, wajibinsa ne ya cire wurin da hukuma ko mai fili ya nemi a cire, ya kuma bambanta wa mai karatu halattaccen masauki da na sata. Amma ba na jin maganar ta ƙare a nan. Ba manhaja ce take juye akwatin makewayi a bakin rafi ba, mutum ne. Kuma akwai shaidar cewa ana iya haɗa fasaha da ladabi. A Faransa akwai wani tsari mai suna France Passion, wanda aka fara a 1993. Matafiyi yakan biya kuɗin shekara, ya sami jerin manoma da masu sana'a sama da 2,000 da suka yarda a kwana a filinsu dare ɗaya kyauta. Ba a tilasta masa sayen kome, amma sharaɗi ne ya zo da ruwansa da makewayinsa, ya gai da mai gida idan ya iso, ya yi masa sallama idan zai tashi, ya tafi da shararsa. Da wani tsohon madugun Gwanja zai ji waɗannan sharuɗɗa, da ya ce ai tsarinsu ne aka ɗauka. A ganina, a cikin duk abin da na lissafa, wannan ne ya fi cancantar a yi koyi da shi.

Akwai wata hasara kuma wadda ta shafi matafiyin kansa. A 2017 wasu masana a Landan suka gwada mutum 24, suna duba ƙwaƙwalwarsu yayin da suke bin hoton titunan unguwar Soho. Suka ga cewa idan mutum yana neman hanya da kansa, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna wurare yakan ƙara aiki a duk mararraba mai rassa da yawa, amma idan umarni kawai yake bi, sashen ba ya ƙara kome. Ma'ana, mai bin muryar waya yana iya ratsa ƙasa guda bai san ta ba. Mu kwatanta shi da Turawan da suka riƙa ƙetaro Sahara da irin waɗannan motoci a shekarun 1970 da 1980, daga Tamanrasat ta Aljeriya, su biyo ta Asamaka da Arlit da Agadas da Damagaram, su sauka Kano. Abin da suke da shi taswirar Michelin mai lamba 153 ne, da kamfas, da tambaya. Tilas ta sa suka koyi gaisuwa, suka zauna da direbobin manyan motoci, suka saurari mutanen ƙasa. Waɗanda suka raina wannan, wasunsu hamada ta cinye su. Rashin tsaro tun daga shekarun 1990 ya kusa kashe wannan hanya ga 'yan yawon buɗe ido, masu ratsa Afirka suka koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya. A nan ma darasin yana nan: taswira tana nuna hanyar Agadas lafiya lau, layi ne miƙaƙƙe. Ko hanya tana biyuwa a wannan mako, a bakin mutanen tasha da jami'an wurin ake ji.

To mu ina ruwanmu, mu da ba mu da mota mai ɗaki, wasunmu ma ko keke? Ruwanmu ta fuska uku ne. Da farko, wasu daga cikinmu za su tafi ƙaro ilmi ko kwas a ƙasashen nan, kuma hayar irin wannan mota tare da abokai hanya ce ta ganin ƙasa. Wanda ya yi niyya, ya riƙe manhaja uku: ɗaya mai sanin girman mota, ɗaya mai aiki babu intanet, ɗaya ta masauki, sa'an nan ya karanta dokar ƙasar kafin ya tada inji. Na biyu, wayar da take ɓatar da Bature a lungun ƙauyen Italiya ita ce a aljihunmu, ita ce kuma take nuna wa direbobinmu gajeriyar hanya ba tare da ta san gadar ta karye tun bara, ko dajin ba ya shiguwa bayan la'asar ba. Na uku, kuma mafi muhimmanci, a cikinmu akwai waɗanda gobe za su zauna a ofisoshin safiyo, da na tsara birane, da na yawon buɗe ido. Su lura cewa ƙasashen da suka keɓe fili da famfo da ramin datti tun da wuri sun mayar da baƙo abokin cinikin mai burodi da mai kayan lambu, waɗanda suka yi sakaci kuwa sai da suka koma ga tara da allon hani. Su lura kuma cewa taswirar OpenStreetMap a buɗe take ga kowa. Ɗalibin labarin ƙasa da yake ƙorafin ba a sa ƙauyensu a taswira ba, yana iya sa shi da hannunsa, da sunansa na gaskiya, da rijiyarsa, da asibitinsa, a hutun ƙarshen zango ɗaya.

A taƙaice, shawarata ga duk mai tafiya, da mota mai ɗaki ko da motar haya, ita ce ya ba waya matsayinta na jagaba, ya saurare ta, ya gode wa dubban mutanen da suka zuba saninsu a cikinta, shi ma ya ƙara nasa da gaskiya idan ya dawo. Amma rawanin madugu ya bar shi a kansa. Shi zai dubi gada ya ce ba ta shiguwa, shi zai dubi rana ya ce a sauka, shi zai fita daga mota ya yi sallama ya tambayi mai wuri ko an yarda ya kwana. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Raɓa kuwa idan ta tashi da hantsi, ba ta barin kome a wurin sai danshi.